Jinyar Inna a Mandawari

Mijina ɗan Mandawari ne, amma a duk zaman da muka yi tare sau ɗaya tak ya kai ni unguwar, shi ma a bakin titi muka tsaya. Ya nuna wani lungu da haɓarsa ya ce, "Can ciki aka binne cibiyata." Daga nan ya juya, muka tari adaidaita muka koma gida. Tun yana saurayi ya zama Kirista, kuma tun daga lokacin gidansu suka ce ba su ba shi. Ni kuwa cikin Kiristanci aka haife ni, a wani ƙauye da ke kudancin Kano. Muna haya a bayan Kabuga, ta hanyar Gwarzo, ina aikin taimaka wa masu jinya a wani ɗan asibiti, shi kuma yana gyaran wutar lantarki. Allah bai ba mu haihuwa ba.

Ciwon hanta ne ya ɗauke shi. Ranar da muka binne shi ba wanda ya zo daga danginsa sai ƙanwarsa, wadda ke aure a Ƙofar Dawanau. Ta tsaya daga nesa, a wajen katangar maƙabarta, ta rufe bakinta da gefen hijabi. Kafin in ƙarasa gare ta har ta tafi.

Ita ce ta kira ni a waya bayan damina ta wuce. Ta ce, "Matar Yaya, Inna ta faɗi. Ɓarin jikinta ya shanye. Ni ga ciki, ga yara, ba na iya ɗaga ta. An ce kin san aikin." Sannan ta ƙara da cewa, "Ban gaya wa kowa zan kira ki ba."

Washegari da hantsi na yafa babban mayafi na tafi. Ban sha wahalar gane gidan ba. A soro na tarar da wani dattijo a kan buzu, ƙanin mahaifin mijina, wanda kowa ke kira Baba Malam. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice, idonsa na kan carbinsa. Bai tambaye ni ko wace ce ba, na kuwa gane ya sani.

Ɗakin Inna na ƙasa ne, mai ɗan duhu ko da rana, da jeren kwanukan tasa a kan kabad waɗanda ba a taɓa su ba tun da jimawa. Tana kwance a katifa, ƙaramar mace, bakinta ya karkace. Abin da ya kusa kayar da ni shi ne goshinta da girarta. Na mijina ne sak. Sai na ji kamar an mayar da ni gadon asibitin da na baro shi, ana so in sake kallon mutuwarsa daga farko.

Ƙanwar ta ce, "Inna, ga wadda za ta riƙa yi miki wanka."

Inna ta dube ni. Maganarta ta yi nauyi, amma na ji ta sarai. "Ita ce?"

"Ita ce, Inna."

Sai ta juya fuskarta bango.

Haka muka fara. Ina tashi daga aiki da azahar, in hau adaidaita a Ƙofar Kabuga, in sauka a bakin lungu. In ɗora ruwa a murhu, in sirka, in wanke ta, in juya ta, in shafe mata baya da man kaɗe, in canza shimfiɗa, in wanke wadda ta ɓaci. Jikinta ta bar min don ba yadda za ta yi, amma bakinta ta hana ni. Idan na kawo kunu sai ta datse haƙora, har sai 'yarta ta zo ko wata maƙwabciya ta karɓi ludayin. Kofin da na sha ruwa da shi kuwa, na lura ana ajiye shi daban a kan taga. Ba wanda ya taɓa zagina a gidan. Da an zage ni ma, ina jin da ya fi min sauƙi.

A farko ina da ƙarfi. Nakan yi addu'a a cikin adaidaita, in ce wa Ubangiji don shi nake yi, kuma don wanda ya tafi. A can ƙasan zuciyata kuma ina jiran wani abu: wata rana Inna za ta kama hannuna, ta ce na gode. Watanni suka shuɗe, hannun bai zo ba.

Sai hankalinta ya fara gushewa. Mijina shi ne ɗanta na fari, kuma ƙanwarsa ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, saboda kunya irin ta iyayenmu mata, daga baya kuma saboda fushi. Rannan ina matse tsumma a bokiti, sai na ji Inna ta kira shi. Sunansa na yanka, wanda ni kaina ba na faɗa. Ta kira shi da ƙarfi, da muryar da ake kiran yaron da ya daɗe a waje, har bakin nata ya daina karkata na ɗan lokaci. Na juya na dubi ƙofa. Wallahi na dubi ƙofa, ina jiran labulen ya motsa.

Daga ranar ba ta daina ba. Da na yi sallama sai ta ce, "Ya dawo?" Da farko na gaya mata gaskiya. Na ce, "Inna, ya rasu." Ta yi wani irin kuka marar hawaye, tana bugun katifa da hannunta mai lafiya. Washegari ta manta, ta sake tambaya. Na ga ba zan iya kashe mata ɗa kullum ba, kuma ba zan iya yi mata ƙarya ba. Sai na koma cewa, "Bai shigo ba, Inna." Ta ce, "A ajiye masa tuwonsa. Ba ya son ya huce."

Gidan ya cika da shi. Ta nuna min gefen rijiya inda ya faɗi ya fasa leɓe, tabon da na sani, na sha taɓawa. Ta ce in leƙa kan soro, yana can yana wasa da tantabaru. Idan wani ya wuce ta lungu yana fito, sai gabana ya faɗi, don shi ma haka yake yi in yana haɗa wayar wuta. In na koma ɗakina na haya sai in tarar babu shi, in na zo Mandawari sai in tarar da shi ko'ina, yaro, wanda ban taɓa sani ba.

A cikin wannan hali addu'a ta ƙafe min. Ba wai na daina ba da gaskiya ba. Nakan durƙusa, in buɗe baki, sai in ji kamar ina magana cikin tulun da babu ruwa. Ran Lahadi ina zuwa sujada a coci, ina tashi in an tashi, ina zama in an zauna, waƙa na fita daga bakin mutane ni kuma ina lissafin ko zanen Inna ya bushe. Wasu matan coci suka ce min, "Mutanen da ba su zo jana'izarsa ba? Ke kam kin cika neman wahala." Na yi murmushi kawai, amma maganar ta zauna min.

Wata ranar Talata na tsaya a Ƙofar Kabuga, mai adaidaita ya tsaya a gabana yana cewa, "Hajiya, cikin gari?" Na dube shi, na girgiza kai. Wani ya zo, shi ma na bar shi ya wuce. Ƙafafuna suka ƙi. Na tsallaka titi na koma gida, na kwanta da mayafina a jiki. Ƙanwar ta kira, ban ɗauka ba. Ta sake kira washegari, ban ɗauka ba. Sai ta daina. Na yi kusan mako biyu a haka. Ina zuwa aiki, ina dawowa, ina kallon rufin ɗaki. Na ɗauka zan huta, amma ko a can ina jin muryar tsohuwar tana kiran sunan, wani lokaci da tsakar rana, ina tsaka da wanke-wanke.

Akwai wata tsohuwa a ƙungiyar zumuntar matan cocinmu da muke kira Mama, mai sayar da ƙosai a bakin coci, wadda ta binne miji da 'ya'ya biyu. Ita ta zo ta same ni. Ba ta buɗe Littafi Mai Tsarki ba, ba ta yi min wa'azi ba. Ta zauna a bakin gado ta cire takalmi, ta ce in ba ta ruwa.

Na ce, "Mama, na gaji. Ba jikina kaɗai ba. Ina addu'a ba na jin kowa."

Ta ce, "Na sani. Bayan ɗana na biyu, na fi shekara ban ji komai ba. Ina suyar ƙosai, ina zuwa sujada, ciki babu kowa."

"To me kika yi?"

"Na ci gaba da suya." Ta kurɓi ruwa. "'Yata, wa ya ce miki sai kin ji daɗi sannan aikin ya zama na Ubangiji? Shi Ubangijin da ya wanke ƙafafun almajiransa, ai ya san a cikinsu akwai mai sayar da shi, ya kuma wanke."

Na ce, "Ba ta ma san ko ni wace ce ba yanzu."

"Bayanta ya san hannunki. Ki rage kwanakin in sun yi miki yawa, ki ce a samo mai taya ki. Ki ci abinci. Amma kada ki jira zuciyarki ta yi zafi kafin ki tashi, don za ki daɗe kina jira. Addu'ar kuwa bar mana ita tukuna, mu za mu riƙa yi miki."

Ban ji wani haske ya sauko min ba. Washegari dai na hau adaidaita, zuciyata kamar dutse.

A soro na durƙusa zan gaida Baba Malam kamar kullum. Sai ya ajiye carbin. Karo na farko ya dube ni sosai. Ya ce, "Lafiya kika ɗauke ƙafa?"

Na ce, "Gajiya ce, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Akwai gajiya," in ji shi. "Shiga, tana ciki."

Na tarar bayanta ya ɓare a wuri biyu, don masu juya ta ba su san yadda ake yi ba, ba don ba su yi ƙoƙari ba. Ƙanwar ta haihu a cikin kwanakin nan, tana zaune da jariri a cinya, idanunta sun faɗa. Ba ta ce min komai ba game da wayar. Ta ce kawai, "Sannu da zuwa, matar Yaya," sai hawaye. Na wanke wa Inna raunukan, na sa magani. Na yi yadda Mama ta ce: na gaya musu ba zan iya zuwa kullum ba, na koya wa wata maƙwabciya yadda ake juya mutum ba tare da an ja fatarsa ba.

Inna ta manta sunayen jikokinta, ta manta ko ta ci abinci, amma ba ta manta salla ba. Da ta ji kiran la'asar sai ta fara motsi tana neman tashi. Rannan babu wata mace a gidan sai ni, sai na je soro na gaya wa Baba Malam. Ya taso ya tsaya daga bakin ƙofa, yana faɗa min abin da zan yi: in wanke mata hannu, fuska, in shafi kai, in juyar da ita ta kalli gabas. Na yi. Leɓunanta suna motsi, ni kuma ina tallafe da kafaɗarta don kada ta zame. A nan, ina riƙe da ita, na ji bakina ya ce, "Ubangiji, ka ji tausayinmu." Iyakar abin da ya fito ke nan. Amma ya fito ne da kansa, kuma na daɗe rabona da haka.

Ta fara karɓar kunu daga hannuna a watanninta na ƙarshe. Ban sani ba ko ta sauko ne, ko kuwa ta manta dalilin ƙin. Wani lokaci takan kira ni da sunan wata yayarta da ta mutu tun kafin a haife ni. Sau ɗaya ta kafe ni da ido ta ce, "Yana cin abinci kuwa a wurinki?" Na ce, "Yana ci, Inna, lokacin da yake wurina." Ta ce, "To." Har yau ina juya wannan tambayar.

Da safe ta rasu, ina wurin aiki. Kafin in iso mata sun cika gidan. Wankan gawa ba nawa ba ne, na kuwa san haka, don haka na zauna a bakin murhu ina iza wuta, ina miƙa ruwan ɗumi ta bakin labule. Jikin da na fi kowa sanin lungu da saƙonsa, wasu hannaye suka yi masa wankan ƙarshe. Da maza suka ɗauke ta, na tashi tsaye tare da sauran mata har makarar ta fice daga soro.

Na yi zaman makoki tare da su har kwana uku. Masu zuwa gaisuwa wasu suka yi min, wasu suka tsallake ni. Da zan tafi, maƙwabciyar nan da na koya wa juyi ta biyo ni har lungu, ta ce akwai wata tsohuwa a gidan bayansu da ta karye a ƙugu, ko zan leƙa in nuna musu. Na tsaya ina kallon ƙasa. Gajiyar tana nan, ba ta tafi ko'ina ba, kuma har yanzu akwai makonnin da nake durƙusawa ba na jin kowa. Na ce mata ranar Alhamis, bayan azahar, su ɗora ruwa kafin in zo.