Ƙwan Kanarin Surukata

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara shigowa Zariya ina zaune a Tudun Wada, ina sayen fata da kirgi a hannun mutanen ƙauye ina kai wa kantunan Turawa. Ban gaji wannan sana'a ba, da ƙafata na koye ta. A gefe kuma ina taɓa cinikin tsuntsaye, domin na lura ma'aikatan jirgi da akawunan Sabon Gari, da su kansu Turawan, suna son ganin kanari a rataye a bakin ƙofa. Masu tarko daga wajen Hanwa su kawo mini, ni in sa a kejin kara, in ciyar har su saba da mutane, sannan in sayar. Kuka mai saye ke nema, namiji ne kuwa ke yin kukan. Saboda haka in mace ta shigo hannuna sakinta nake yi.

Akwai wata da ta ƙi sakuwa. Tun tana 'yar tsako aka kawo ta, da tsinke na riƙa ba ta abinci, sai da ta yi gashi na gane mace ce. Na buɗe mata keji ta tashi ta hau katanga, ta dubi garin, ta dawo ta shige abinta. Na sake gwadawa, ta sake dawowa. Sai na ƙyale ta a zaure tana cin geron da ba za ta biya ba.

A wannan shekarar ce surukina ya rasu a cikin birni. Da surukata ta fita takaba muka ɗauko ta, don ba ta da ɗa namiji. Ba ta so ba. A wurinta duk wanda ya kwana bayan ganuwa baƙo ne, Tudun Wada kuwa zango ne kawai da aka yi wa katanga. Muka ba ta ɗaki mai kyau, ta shiga ta zauna, abinci sai ta taɓa ta ture. Ga shi babu mai yi mata hira. Maiɗakina 'yar farinta ce, ba ta kiran sunanta, ba ta kallon fuskarta, in za ta ambace ta sai ta ce “waccan”. Ni kuma suruki, iyakata in cire takalmi in durƙusa a bayan asabarin ƙofarta da safe in gaishe ta, ta amsa a taƙaice, in tashi. Manya uku a gida, amma tsohuwa ba ta da wanda za ta ce wa yau ana zafi.

Maiɗakina ce ta ɗauki kejin macen nan ta rataye a ƙofar uwar. Ba a jima ba muka fara jin murya a ɗakin. Tsohuwa ta sami abokiyar magana. Tana ba tsuntsuwar labarin unguwarsu, da wanda ya auri wa, da yadda ruwan rijiyar birni ya fi namu daɗi. Ta shigar da kejin ciki, ta sa aka ɗauko mata mazari da auduga ta koma kaɗi, ta fara cinye tuwonta. Na ji daɗi ƙwarai, har na sayo mata fitilar kananzir irin ta kanti don ta riƙa kaɗinta bayan isha'i.

Da bazara ta kama, wata safiya sai ga ɗan ƙwai a cikin keji, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Tsuntsuwar ta yi ta fisgar auduga ta tsakanin karan keji har ta haɗa sheƙa a kusurwa. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tsuntsu. Mace in ta ƙoshi, ta sami haske mai tsawo da abin yin sheƙa, tana kuma jin kukan maza, za ta yi ƙwai ko babu namiji, sai dai ba kowa a cikinsa. In an bar mata, ta yi 'yan kaɗan ta kwanta a kai, ta gaji ta tashi, shi ke nan. Amma surukata kaji ta yi kiwo duk rayuwarta, a wurinta kuwa ƙwai abin ɗauka ne. Ta sa hannu ta ɗauke, ta ajiye a ɗan ƙoƙo cikin auduga. Tsuntsuwa ta duba ba ta ga komai ba, ta sake yin wani. Aka sake ɗaukewa.

Ba a nan ta tsaya ba. Tunda an haihu, sai a kula da mai jego. Ta hana ta gero tsura, ta koma ba ta riɗi da gwaiduwar dafaffen ƙwan kaza da ƙwarin gara, har da ɗan kunun kanwa a murfin kwalba. Irin wannan ci shi ke gaya wa tsuntsuwa cewa duniya ta yi daɗi, a ƙara haihuwa. Ta kuwa ƙara.

Labari ya fita cewa a gidanmu akwai tsuntsuwar da ke haihuwa ba miji. Wata mata daga Tudun Jukun da ta daɗe tana neman haihuwa ta zo ta roƙi ƙwai ɗaya, aka ba ta ta haɗiye, ba a daɗe ba sai ga ciki. Ni dai na san a watan ne mijinta ya dawo daga aikin shimfiɗa hanyar jirgi, amma ba a tambaye ni ba. Daga nan tsakar gidana ta zama kasuwa. Mata na shigowa da goro da 'yar fura, su durƙusa su gaida Inna, ta kawo ƙoƙo ta zaɓa musu. Ba ta karɓar ko anini. Abin da take samu ya fi kuɗi: matar da ta shigo unguwar ba wanda ya san ta, yanzu har rakiya ake yi mata in za ta gidan suna.

Ni kuwa duk safiya in na durƙusa gaisuwa, ta ƙasan asabari nake leƙen keji. Tsuntsuwar ta rame, gashin ƙirjinta ya zube, tana yawan zama a ƙasa maimakon kan sanda. Ƙwan da na gani a hannun wata baƙuwa ɓawonsa ya yi laushi kamar fatar albasa. Na san inda wannan ke kaiwa. Ɓawon ƙwai daga ƙashin uwa yake fita, in ya ƙare sai ƙwai ya maƙale ta mutu. In kuwa ta mutu, na san tsohuwa za ta koma yadda muka ɗauko ta, wataƙila fiye.

Na yi wa maiɗakina bayani duka, na ce ta gaya wa uwarta. Ta dube ni kamar na ce ta hau masallaci ta kira salla. Daga baya dai ta yi iya ƙoƙarinta. Tana shara kusa da ƙofar, ta faɗa wa tsintsiya cewa wai an ce ƙwan kanari ba a ɗaukarsa. Daga ciki tsohuwa ta tambayi tsuntsuwar, su masu cewa an ce ɗin nan, kaji nawa suka taɓa kiwo?

Sai na koma abin da ke hannuna. Na kwashe mazan kanarin daga zaure na kai rumfata ta kasuwa, inda warin kirgi ya sa rabinsu suka yi shiru, masu saye suna tsammani mata nake ba su. Na daina kawo kananzir don ɗakin ya riƙa yin duhu da wuri. Tsohuwa ta kunna tsohuwar fitilarta ta man gyaɗa ta ajiye a bakin ƙofa, inda duk mai shigowa zai ga irin riƙon da suruki ke yi mata. Washegari na kawo kananzir. Daga nan na je bakin rafi na tsinto 'yan duwatsu farare masu kama da ƙwai, na goge su sumul. Ranar da tsohuwa ta fita gaisuwar mutuwa na sa maiɗakina ta zuba su a sheƙa, don tsuntsuwa ta ga ƙwanta ya cika ta kwanta. Da yamma aka kawo mini tuwo, na ɗaga faifai, sai ga duwatsuna a jere a gefen akushi, an wanke su tas.

Ana nan, wata safiya na zo gaisuwa na tarar an ɗage asabari, abin da ba a taɓa yi ba. Maiɗakina na tsaye daga gefe da tukunyar ruwan zafi. Tsuntsuwar ta kumbura gashi, idonta a lumshe, tana nishi, ƙwai ya maƙale. Tsohuwa na riƙe da ita a tafin hannu bisa tururi. Ta ɗiga mata man gyaɗa da tsinke, tana shafa mata ciki da ɗan yatsa a hankali, tana yi mata sannu irin wadda ake yi wa mai naƙuda. Ni da ke cinikin tsuntsu ban iya wannan ba, da ni ne da na matse ta ta mutu. Can ƙwan ya fito, ba ɓawo sam, sai tantani. Tsuntsuwar ta kwanta a hannunta ko motsi ba ta yi sosai.

A ciniki na koyi cewa ba a gaya wa mutum dalilin da ya sa kai kake son abu, sai dalilin da shi zai so. Na yi ta aika wa tsohuwa maganar haske da abinci da ƙashi, duk ba yarenta ba ne. Ina durƙushe, kaina a ƙasa, na dubi tsuntsuwar, don ita kaɗai ce a ɗakin nake da izinin yi wa magana.

Na ce, “Ke kuwa baiwar Allah, wane irin gida kika fito? Ba ki yaye wannan ba kin ɗauki wancan. A gidan mutunci ake kwanika?”

Maiɗakina ta ajiye tukunya ta bar wurin da sauri. Kwanika, wato mace ta yi ciki tana goyo, kalma ce da ko tsakanin mata sai an rage murya. A ce suruki ya furta ta a gaban uwar matarsa, ban taɓa jin wanda ya yi ba, ban kuma ba kowa shawarar ya gwada. Har na fara tunanin inda zan kama wa tsohuwa haya a birni.

Sai ta ɗaga tsuntsuwar kusa da fuskarta ta ce, “Gaya wa na bakin ƙofa bakinsa ya yi girma. Amma ki tambaye shi, in za a yi miki yaye, yaya ake yi wa irinku?”

Haka muka yi cinikin, ni in gaya wa tsuntsuwa, ita ta gaya wa tsuntsuwa, tsuntsuwa na kwance ba ta san ana yi ba. Na ce a cire sheƙa, a nisanta keji da auduga, a lulluɓe shi da baƙin zane tun magariba. Tsohuwa ta yarda, don mai jego dama ba ta son iska. Na ce in ta sake yin ƙwai a bar mata abinta ta kwanta har ta gaji. Ta ce ai ba a raba uwa da ɗanta, kamar ba ita ce ta cika ƙoƙo ba. Na ce a daina riɗi da gwaiduwa da gara, a koma gero da acca da ɗan ganye. Nan muka ja, domin ta ce ba za a ce ta bar marar lafiya da gero tsura ba. Muka tsaya a kan gwaiduwa ranar Juma'a kaɗai. Da na zo kan maganar ƙashi, na ce a daka ɓawon ƙwan kaza a zuba mata, sai ta ce ashe shi ya sa ɓarauniyar ke saran allinta na kaɗi duk lokacin da ta ajiye kusa, tana ta kora ta. Allin kuwa ƙonannen ƙashi ne. Na ce a bar mata shi. Ta ɓantari rabi ta sa a keji. Kunun kanwa ne kawai ta ƙi sauka a kai, ni ma ban matsa ba, don na san tsuntsuwar ba ta taɓa sha.

Saura matan gari. Da hantsi wasu biyu suka yi sallama, ina zaure ina ji. Tsohuwa ta ce musu mai ƙwan ta shiga wanka, daga nan kuma sai goyo, kowa ta san tsawon goyo. Ɗaya ta ce ko guda ɗaya ne a taimaka, daga nesa suka zo. Tsohuwa ta tambaye ta ko ita za ta so a ce da 'yarta ta tashi daga kan gadon jego ta sake haihuwa don baƙi sun zo daga nesa. Suka ba da haƙuri suka tafi. Ragowar ƙwan ƙoƙo ta raba wa waɗanda suka fi naci, bayan nan ƙafa ta ɗauke. Wasu daga cikinsu, waɗanda dama hirar ta fi kawo su, suka ci gaba da zuwa, su zauna su taya ta gurzar auduga.

Tsuntsuwar ta ƙara yin ƙwai biyu masu laushi, aka bar mata, ta kwanta a kansu a ƙasan keji har ta gane ba kowa, ta ture su gefe. Ta zubar da tsohon gashi, ta yi muni ƙwarai na ɗan lokaci, har tsohuwa ta hana a leƙa ta. Wajen kaka sabon gashi ya fito, ruwan ɗorawa a ƙirji, ta koma kan sandarta tana tsalle tana watsa ƙaiƙayin gero a kan zaren da aka sha wahalar kaɗawa. Ta yi shekaru a ɗakin nan, duk bazara ta yi 'yan ƙwanta, ba mai taɓawa, ta gaji ta tashi.

Ni kuwa an hukunta ni daidai gwargwado. Har ƙarshen damina, in na durƙusa na ce, “Inna, ina kwana,” ba ta amsa mini. Sai dai in ji ta ce wa tsuntsuwar, “Ce masa lafiya lau, ya tashi ya tafi kasuwa.”