Gyadar Kasuwa a Kunun Yaye

Ko duk haƙorana sun gama zubewa, ba zan manta da shekarar da aka kawo mana jikanmu yaye ba. Ni dai karatuna aji biyu ne a firamaren Toranke, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi, amma a shekarar nan na yi aikin likita.

A garinmu idan an ɓare gyada, mai kyau ta kasuwar Gaya ce. Baƙaƙen da motsattsun, masu fumfuna, su ake bari a gida, a yi ƙuli da kunu. Shekarar kuwa ruwa ya daki gyada tana shanya, ta gida ta yi yawa. Ana cikin haka 'yata ta kawo ɗanta daga Gafasa, ta ajiye wa uwarta, ta sulale. Yaro ya dinga kuka har murya ta dishe, ba ya karɓar komai sai kunun gyadar nan, kullum yana ƙara ramewa.

Lokacin ina zuwa asibiti a Gaya saboda ciwon shawara, idona kamar an shafa gangamau. Da surutuna na ba likita labarin yaron, sai ya ajiye biro. Ya ce hanta tana da umarnin da ta gado daga iyaye, kamar fitilu a gida, wasu a kunne wasu a kashe. Dafin fumfuna, da yunwa, da tashin hankali a jarirantaka suna iya taɓa makunnin, kuma tabon kan bi mutum har girma. Ya ce ana kan bincike, yawanci ma a jikin ɓeraye. Na ce ashe da ɓeraye ake auna mu. Bai yi dariya ba.

"Baba, dafuwa ba ta kashe dafin nan. Kada yaron ya ƙara sha."

Na dawo na zayyana wa tsohuwa, wato matata. Ta ce da wannan kunun aka yaye ni, ga ni nan ban mutu ba, sai dai iya shege. Na tuna ƙanena da ciki ya kumbure masa har ya rasu, amma na san ba a kayar da ita a gardama.

Da hantsi ta tafi barka. Na kinkimi buhun gyadar gida na binne a bayan gari, na farke bakin buhun kasuwa. Daga nan na hau babur sai Gafasa, na marairaice fuska na ce wa 'yata bayan innarta ya riƙe, ko tsintsiya ba ta iya ɗagawa. Allah Ya yafe mini. Na goyo ta muka taho.

Muka tarar da majinyaciya tana faskare. Ta dubi 'yarta, ta dubi buhun, ta dube ni, ga gatari a hannu. Na ja baya kaɗan. Yaron kuwa ya riga ya maƙale uwarsa, ya yi tsit, har da ajiyar zuciya. Dama tsohuwa "maigidana" take ce masa, irin wasan kaka da jika, sai na bi ta nan.

"Yanzu maigidan naki za ki ba abin da kasuwa ta ƙi?"

Ta daɗe tana kallon yaron. Can ta jingine gatarin, ta dafe ƙugu, ta ce lallai bayan nan yana damunta, a shimfiɗa mata tabarma. Ta kwanta ta yi ta ba da umarni har aka gama yaye a hankali, uwa tana kusa, kunu na gyada mai kyau.

Yaro ya murje, yau shi ke tsere mini da sanda. Matan unguwa da yawa sun daina dama ruɓaɓɓiya, tsohuwa kuma tana gaya musu dabararta ce. Na bar mata.

Abin da na koya shi ne, wanda bai iya magana ba jikinsa ne ke riƙe abin da aka yi masa. Don haka a gidana mafi kyawun amfanin gona na ƙaramin cikinmu ne, kasuwa ta samu saura.