Rufin Ɗakin Malam Haliru

A bakin innata na fara jin sunansa. In na ƙi aike sai ta ce, "Ke da Gidaɗo mai ɗakin Malam ban san wa ya fi taurin kai ba." Sai da na girma na san mutumin.

Baba Gidaɗo shi ke kula da ɗakin da aka binne Malam Haliru, wanda ya sari tungarmu ta yamma da Lafagu tun kafin a ja iyaka tsakaninmu da Benin. Ɗaki ne na ƙasa mai rufin ciyawa. Dattawa sun ce Malam ya raba hidimarsa ga almajiransa biyu: zuriyar ɗaya su yi yaɓen bango, zuriyar ɗayan su yi baibayar rufi, kada wani ya taɓa aikin wani, don zumunci ya ɗore. Gidaɗo jikan masu yaɓe ne. Masu baibaya kuwa iyaka ta bar su can wajen Segbana.

Tun yana saurayi, duk bazara suke zuwa da damman ciyawar shuci a kan jakuna, masu ziyara na biye, a sauke tsohon rufi, a ɗora sabo, a yi addu'a, a ci tuwo. Da tafiya ta yi nisa aka fara raguwa, har ya rage tsoho ɗaya, Muhammad Sani. Shekarar da ya rasu, ba wanda ya zo.

Gidaɗo ya yi yaɓensa, ya zauna jira. Bazara ta wuce, wata ta sake zagayowa. Rufin ya yi baƙi, gara ta ci tankar, har rana na sauka a kan kabarin. Ya hau bayan babur da ciwon gwiwarsa ya ƙetara iyaka. Ya iske gidan Muhammad Sani sai mata. 'Ya'yan sun tafi Kwatano neman abinci. Aka kira masa babban a waya.

"Baba, ku sa kwano mana, ku huta."

"Kwano! Ubanka shina jin ka?"

Ya dawo bai ci abinci ba. Matasan tunga suka same shi, Abdulganiyu mai walda na gaba.

"Baba, ciyawa ce fa. Mu ma hannu gare mu. Kahin la'asar mun gama."

"Kakanka yaɓe anka ba shi ko baibaya?"

"Kakana kihi yaka kamu."

"To tai ka kama kihi."

Suka yi dariya suka tafi, shi ko bai yi ba. Ya san in ya bari wasu suka ɗora rufin, mutanen ƙetare ba su da sauran dalilin zuwa har abada. In kuma ya ci gaba da jira, ruwa zai cinye ɗakin. Kullum hadari ya haɗo daga gabas sai a gan shi tsaye a ƙofar, ya ɗaga kai, leɓunansa na motsi.

Ruwan farko ya zo da iska. Ya kwaso tabarmin gidansa, har da wadda yake kwana a kai, ya rufe kabarin, ya tsaya a ciki ruwa na zuba masa a ka. Bangon arewa ya zube a kan idonsa. Da aka ɗauke, aka same shi durƙushe yana tattara laka da hannu yana mayarwa, tana sulalewa.

Zazzaɓi ya kwantar da shi. Na kai masa kunu, ya ji ana cewa zan raka gwaggona biki Segbana. Ya riƙe mini gefen mayafi.

"Ɗiyata, ki tambaya gida-gida. Ko jikan jika ne, ko ta wajen mace, in dai jinin masu baibaya ne. Ba sai ya iya ba. Ya zo ya ɗora dami guda da hannunshi, sauran yaranga su ida. Ki ce musu bango ukku sunka rage."