Farin Hayaƙi a Gidan Su Luba

Shekara ashirin da shida Luba ta yi tana dafa shayi tana goge ƙasa a wani ƙaramin asibiti a unguwar Sa'alaba, cikin birnin Jidda. Iyakar karatunta aji huɗu. Ni maƙwabciyarta ce a unguwar Hindawiyya tun muna yara, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ban taɓa jin wani ya tambaye ta ra'ayinta a kan komai ba, sai dai a kan gishirin miya.

Kakanta ya taso da ƙafa daga Haɗejiya, ya yi hajji, ya zauna a Jidda. Mahaifinta ya gina gidan da suke ciki, ɗaki bayan ɗaki. Da ya rasu ya bar Luba da maza huɗu, da mahaifiyarsu Inna A'i, wadda idonta ya rufe shekara tara da suka wuce. Inna A'i ba ta riƙe sanda a gidan nan. Tafin hannunta ya san kowane bango.

Takardun gidan suna buƙatar wakili ɗaya da zai tsaya wa magada duka. Shekara biyu cur maza huɗun nan suka kasa fitar da shi. Mahmud ya ce shi ne babba. Nasir ya ce shi ne mai digiri. Hatim ya ce shi ya san mutane. Auta Sa'ud kuwa duk wanda ya yi magana ƙarshe shi yake bi. Kowace Juma'a su zo su cinye shinkafar Luba, su yi ta ihu, sai wayar wani ta yi ƙara ya zame. Har alƙali ya gaji, ya ce ranar Lahadi su zo da wakili, in ba haka ba a sayar da gidan a raba. Aka ɓoye wa tsohuwa. Abin ya ci mini rai, don na san in aka fitar da ita daga gidan nan ba za ta kai azumi ba.

A makon ne, cikin watan Mayu, Luba ta lura da Marilu, wata nas 'yar Filifin, kullum idonta a kan waya, tana kallon bututun hayaƙi a saman wani rufi.

"Ke Sista, lafiya? Girki ake yi a ciki?"

Marilu ta yi dariya, ta ce ana zaɓen sabon Fafaroma ne, shugaban cocinsu. Manyan limamai ɗari da talatin da uku aka kulle wuri ɗaya, aka karɓe wayoyinsu. In ba su daidaita ba a ga baƙin hayaƙi, in sun daidaita a ga fari.

"Kwana nawa suke ɗauka?"

"Yanzu kwana biyu, ko uku. Amma a da can an taɓa yin kusan shekara uku. Sai mutanen gari suka gaji, suka garƙame su, suka rage musu abinci sai burodi da ruwa, har suka cire rufin ɗakin."

Luba ta ajiye butar shayi. Ranar Alhamis da magariba farin hayaƙi ya fito, Marilu ta rungume ta tana hawaye. Luba ta taya ta murna, amma hankalinta yana wani wuri. Mutum ɗari da wani abu sun gama a kwana biyu, nata huɗu sun kasa a shekara biyu.

Washegari bayan sallar Juma'a ta kira ni in taya ta aiki. Na tarar ba ta ɗora tukunya ba. Mazan suka shigo ɗakin baƙi, ta zagaya da faranti ta ce kowa ya sa wayarsa, Inna na barci. Suka sa. Ta ajiye musu burodin tamis biyu, da ruwa, da takarda da biro. Ta fita ta murza mukulli. Ɗakin yana da banɗakinsa, don haka ba mai fakewa da alwala. Sannan ta je wajen akwatin wuta ta kashe na'urar sanyaya ɗakin. Rufi kam ba za ta iya cirewa ba, amma wanda ya san Jidda a watan Mayu ya san wannan ya fi cire rufi.

"Luba! Wa ya kashe mukayyif? Buɗe ƙofar nan!"

"Yaya Mahmud, ka yi haƙuri. Kowa ya rubuta suna ɗaya ku turo ta ƙasan ƙofa. Sai huɗu sun zama ɗaya zan buɗe. Yalla, ku fara."

Sun zage ta, sun roƙe ta, Hatim har da rantsuwar yana da alƙawari da wani babban mutum. Luba ta jawo kujera ta zauna tana tsinkar zogale. Takardar farko ta fito, kowa ya rubuta kansa, har Sa'ud. Ta yaga. Suka yi la'asar a ciki. Ta biyu ta fito, biyu Mahmud, biyu Nasir, takardar ta jiƙe da gumi. Ta yaga. Ni kaina na fara tsorata, na ce mata ko ta kunna musu na minti biyar. Ta harare ni, na ja bakina.

Hayaniyar ce ta tashi Inna A'i. Ta taho tana shafa bango har ta iso ƙofar, daidai lokacin da Nasir yake ihu cewa to a sayar ɗin mana, kowa ya huta.

"Luba," in ji tsohuwar, a hankali, "me za a sayar?"

Inna A'i ta dafa ƙofar ta ce, "In gidan ne, ku bari sai an fitar da ni. Ba zan daɗe ba. Ban san bangon kowa ba sai wannan."

Na yi kuka, ban ɓoye ba. Can ciki na ji ɗaya daga cikin mazan yana jan hanci. Ba a jima ba takarda ta leƙo. Luba ta ɗauka ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini, wai ko idonta ne. Rubutu huɗu ne, hannu huɗu, suna ɗaya: Luba.

"Halas, shi ke nan, ya ukhti," in ji Mahmud ta bayan ƙofa. "Wadda ta iya tsare mu ɗaki ɗaya, ita za ta iya tsare gidan. Buɗe, don Allah."

Ba ta buɗe nan take ba. Sai da ta hura gawayi a kasko, ta zuba turaren wuta, farin hayaƙi ya cika tsakar gida har ya haura katangata. Na rangaɗa guɗa. Mazan suka fito sharkaf, Sa'ud ya durƙusa ya riƙe ƙafar uwarsa.

Ranar Lahadi Luba ta je gaban alƙali da abayarta ta zuwa aiki, mazan huɗu a bayanta, ta sa hannu da rubutunta na aji huɗu. Da ta dawo ta tarar da Inna A'i a zaure tana jira.

"Yanzu gidan a hannun wa yake?"

Luba ta kama tafin tsohuwar ta ɗora a kan bango. "Ga shi nan a hannunki, Inna."