Malama Asabe, wadda ta zaunar da maigidana a bencin yara

Ina shanya masara ranar Laraba da hantsi maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce Malama Asabe ta rasu a asibiti a Tudun Wada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan turmi, kaji suka yi ta cin masarar, na kasa ko korar su.

Marigayiya ita ce malamar ajin kurame a makarantar garinmu, 'yarmu Sadiya kuwa da kurumta aka haife ta. Ranar da muka kai ta, Malama ta ce in Allah ya yarda kafin ƙarshen zango za ta iya gaisuwa da maganar hannu, ta kuma rubuta sunanta. Zango ya ƙare, ba gaisuwa ba suna. Harafin farko kaɗai take yi, shi ma a kwance kamar maciji ya ƙoshi.

Ni kuka na yi. Maigidana Malam Habu kuwa ya zura babbar riga, ya ce in hau babur, yau zai cire 'yarsa daga makarantar. Tun daga ƙofar aji ya fara: "Malama, ko masara na shuka, ai wata uku na ga goyo!"

Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. A gida wa yake yi mata magana da hannu?" Muka dubi juna. Ta ce, "To, ba Sadiya ce ta faɗi ba, gidanku ne ya faɗi. Asabar ku dawo, ku biyun."

Haka Malam Habu, wanda samari ke tashi su ba shi wuri a majalisa, ya koma zaman bencin yara, gwiwa har haɓa, riga na sharar ƙasa. Ba ta raga masa ko kaɗan. In ya karkace yatsa sai ta ce, "Malam, hannu ma yana in'ina, gyara."

Da salla mahaifiyata ta zo daga Yako. Malam ya ga damar nuna wa surukarsa karatunsa, ya gyara zama, ya yi wa Sadiya nuni da ta gaida kakarta. Ashe maimakon alamar kaka, ta akuya ya yi. Yarinya ta dubi Inna, ta dubi babanta, ta kwashe da dariya har da birgima. Can ta taso ta kama yatsunsa ta lanƙwasa su yadda ya kamata, ta juya ta gaida kakarta cikakkiyar gaisuwa, irin wadda muka yi zango guda muna jira. Inna ta ce, "Me mijinki ya ce ne?" Na ce, "Cewa ya yi kin ƙara kyau, Inna."

Da na ba Malama labari sai da ta yi hawaye don dariya. Ta ce, "Ku bar shi ya yi ta kuskure, yanzu Sadiya ta samu ɗalibi." Zango na gaba yarinyar ta rubuta sunanta a allo, da bango, har da tankin babur da ƙusa. Uban ya hana a yi wa tankin fenti.

Ban taɓa jin ta kira wani yaro daƙiƙi ba. Abin da take cewa kawai shi ne, "Bai kai ba tukuna."

Ni na kasa gaya wa Sadiya rasuwar. Babanta ne ya durƙusa a gabanta ya gaya mata da hannu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambaye shi wa zai buɗe musu aji ranar Litinin. Ya sauke hannun.

Allah ya jiƙan Malama Asabe, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Allah ya ba maigidanta da 'ya'yanta haƙurin rashi, ya kuma dubi yaran ajinta, ya kawo musu mai irin haƙurinta. Amin.