Na Ce wa Babana Babu Suga a Ciki

Ni ce autar gidanmu. A shekarar da abin nan ya faru ina aure a Dutsin-Ma da yara uku, kuma ina ji da kaina a fannin girki fiye da yadda ya kamata. In ana suna ko biki a layinmu ni ake kira in tsaya a kan tukunya, in kuma na ɗanɗana miyar wata na ji gishiri ya zarce, ba na iya yin shiru, sai na faɗa ko da za a ji haushina. Na rubuto muku ne saboda abin ya daɗe yana cina a rai, ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mijina. Ku sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci na kowa ba.

Mahaifina manomi ne a Ɗantutture, ƙasar Kurfi, yana kuma sayen wake da gero ya kai kasuwa. Mutum ne mai son zaƙi, tun muna yara ba ya dawowa daga kasuwa babu rake ko alewa. Da ya manyanta sai ciwon suga ya kama shi. Likita ya hana shi suga da zuma da lemon kwalba da duk wani abu mai zaƙi, Inna kuwa ta riƙe dokar gam, shayinsa salam, kununsa salam. Abin mamaki, shi ma ya bi. Ya koyi tambaya guda ɗaya: duk abin da aka ajiye masa, kafin ya yi bisimilla sai ya tambaya ko akwai suga a ciki. In an ce akwai, ya ture kwanon ba musu. In an ce babu, ya ci abinsa bai ƙara bincike ba. Har tsokanarsa muke yi muna cewa Baba ya zama ɗan kwastan, yana dariya yana cewa eh, ya ji.

A wajenmu, washegarin Babbar Sallah in an sauke ragon layya an yanyanka, miji kan ware cinya guda a kai wa surukai. Ɗanya ake kaiwa, Inna ta soya abinta. To ana saura 'yan kwanaki Sallah na ga wani bidiyo a waya, wata Baturiya tana gasa wata ƙatuwar cinya don bikinsu, tana shafa mata wani haɗi mai kauri. Da na gane cinyar alade ce sai na yi a'uzubillahi na kife wayar. Amma ƙyallin naman nan ya tsaya mini a ido, ja wur yana sheƙi. Na ce a raina abin da ta yi da haram ni zan yi da halal, kuma nawa sai ya fi nata.

Washegarin Sallah na tsattsaga cinyar ragon da wuƙa, na cusa kanumfari a tsagar, na murje ta da tafarnuwa da citta da masoro da gishiri. Na jiƙa tsamiya na tace, na ɗora a wuta, na zuba zuma ludayi biyu, na fasa dunƙulen mazarƙwaila biyu a ciki, da ɗan yaji da 'yar daddawa don kada zaƙin ya yi yawa. Na yi ta juyawa har ya yi kauri yana bin ludayi. Ba ni da na'urar gashi, sai na yi yadda muke gasa kek: babbar tukunya, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Jim kaɗan in buɗe in shafa, in rufe. Kafin azahar maƙwabta sun fara leƙowa suna tambayar me nake dafawa. Haɗin da ya rage na cika wata kwalba mai faɗin baki da shi. Zan faɗi gaskiya a nan: lokacin da nake fasa mazarƙwailar na tuna da Baba. Na tuna sarai. Na ce a raina ai sai a yanko masa ta ciki.

Da muka isa gida yayata tana nan da matan yayyena. Ina buɗe tiren tsakar gidan ya ɗauki ƙamshi, kowa ya matso ana ta santi tun kafin a taɓa. Baba yana zaune a kan tabarma, ya daɗe yana kallon naman, na ga ya haɗiye yawu. Sannan ya ɗago ya yi mini tambayarsa. A ɗan lokacin nan na hango shi yana ture tiren, na hango Inna tana yi mini faɗa a gaban matan yayyena, wahalata ta wuni guda ta tashi a banza. Sai na ce masa ko ƙwayar suga ban sa ba, tsamiya ce da albasa da ta daɗe a wuta. A zuciyata ina kare kaina, wai ai ban yi ƙarya ba, suga shi ne farin nan da ake aunawa a shago, mazarƙwaila ba suga ba ce, zuma kuwa ai magani ce. Inna ta tsare ni da ido ta ce na tabbata? Ni da baƙar zuciyata sai na hau fushi, na ce in ba a yarda da ni ba in ɗauke abina in koma da shi. Baba ya ce a ƙyale masa Auta.

Ya ci, ya suɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce shekara huɗu rabon da bakinsa ya san yana da rai. Ya yi ta sa mini albarka har na ji kunya. Da ya hango kwalbar a cikin jakata ya ce in bar masa wannan miyar tsamiyar, tunda ba ta cikin abin da aka hana shi. Me zan ce? Na riga na ce babu. Na miƙa masa da hannuna.

Na yi niyyar in kira Inna in ce ta ɓoye kwalbar. Yau ne, gobe ne, ban kira ba, don kiran yana nufin in amsa laifina. Bayan kamar kwana goma Baba da kansa ya kira ni, muryarsa wasai, wai kwalba ta kusa ƙarewa, yana zubawa a kunu, yana shafawa a burodi, har a dafaffen wake, in taimaka in ƙaro. Nan ne wurin da ba ni da abin kare kaina ko kaɗan. Na ɗora tukunya da nufin in yi masa babu zuma babu mazarƙwaila, na ɗanɗana na ji tsami kawai, na san yana kaiwa baki zai gane ba irin na farko ba ne, zai tambaya. Sai na mayar da su ciki, na ce na rage ai. Na ba wani mai babur ɗan Karofi ya kai masa.

Damina ce lokacin. Ashe ya taka kututture a gona ya ji ciwo a babban yatsan ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. Inna ta riƙa cewa ƙishirwa ta dame shi, yana sha yana fita fitsari, yana ramewa. Ina jin haka, amma na ce wa kaina zafi ne. Wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a bakin gona, aka kawo shi asibiti.

Washegari da ya ɗan farfaɗo likita ya zo ya tsaya a kansa, ya ce sugan ya hau fiye da kima, lallai akwai abin da yake ci. Inna ta lissafa komai, a ƙarshe ta ambaci kwalbar. Baba, da muryar da da kyar ake ji, ya ce a'a, a cire wannan, Auta ta ce babu suga, kuma Auta ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Likitan ya juyo ya dube ni. Baba ma ya juyo da kansa a kan matashi, ya sake yi mini tambayar nan, wannan karon ba don yana shakka ba, don likita ya ji da kunnensa ne. Yayyena suna tsaye, mijina yana tsaye. Na buɗe baki na ce babu. Baba ya lumshe ido ya gyaɗa kai, kamar wanda ɗiyarsa ta fitar da shi kunya.

Ciwon ƙafar ya riga ya shiga jini. Aka yanke yatsan, ana maganar ƙafar, kwana na tara Allah ya karɓi abinsa da hantsi. Na san kwana ne ya ƙare, na san babu mai wuce lokacinsa. Na taɓa tambayar wata ma'aikaciyar jinya a kaikaice, na ce labarin wata ne, ta ce ba wanda zai iya yanke hukunci cewa abu kaza ne ya kashe shi. Na ji, amma bai sauke mini komai ba. Ko ba ni na kashe shi ba, maganar ƙarshe da ya tsaya a kanta a duniya ita ce shaidar da ya yi mini, kuma shaidar ba gaskiya ba ce.

Bayan sadakar bakwai ina haɗa kayana, Inna ta shigo ɗakin da kwalbar ta biyu. A bayan buhun gero ta same ta a ɗakinsa, da ɗan cokali a ciki, saura kaɗan a gindi. Ta ajiye a gabana ta ce ga kwalbata. Na lura akwai sawun yatsa a jikin haɗin. Na gane ta ɗanɗana, ta juya ta fita.

Tun daga ranar ban ƙara sayen mazarƙwaila ba. Duk Sallah sai an sami mai tuna gashin nan ta ce in sake yi, in ce na manta yadda ake haɗawa. Cinyar layya ɗanya muke kaiwa kamar da.

'Yan'uwana mata masu ji da girki, in akwai marar lafiya a gidanku, ku sani ba sunan abu yake tambaya ba in ya tambaya, ransa yake damƙa muku. Zuma, mazarƙwaila, dabino, maɗi, ku faɗa masa duka ya zaɓa da kansa. Kwanon da aka ture, da faɗan da za a yi miki a gaban mutane, duk kafin la'asar an manta. Kuma in kin riga kin yi ƙaryar farko, ki warware ta tun wanda kika yi wa yana jin magana. Ni sau uku aka ba ni dama.

Inna tana nan da ranta, lafiyarta ƙalau, ba ta da ciwon suga. Amma har yau in na kai mata abinci, ko tuwo ne da miyar kuka, kafin ta yi bisimilla sai ta ɗago ta tambaye ni ko akwai suga a ciki, ta zuba mini ido tana jiran amsa. Yayyena dariya suke yi, wai Inna ta gaji tambayar Baba. Ni kaɗai ce ba na dariya.