Yadda Na Sha Maganin Murzuna a Gidan Kawu

Mayahi

Ƙarfe biyar da kwata na bar gida, taurari ba su gama watsewa ba. Kawu Idi ya yi waya: murzuna, tsutsar da ke bin zangarniyar hatsi tana ci, ta sauka gonarsa. Kwana kaɗan ya rage ta gama da ita. Kuɗin mota jika ɗaya da rabi, ni da akuya kujera guda.

Tasawa

Ƙarfe takwas malamin gona ya damƙa mani 'yan jakunkunan algarara uku. A ciki akwai hatsi, da tsutsotsi, da wasu ƙananan zanzaro da ke ƙyanƙyasa a jikinsu. In an rataye a gona, 'ya'yan su fito su kashe murzuna.

A shingen fita jandarma ya leƙa, ya ja baya.

"Madmazel, mi ke nan?"

"Sojoji ne," na ce.

"Su wuce. Ba su da katin ɗan ƙasa, amma su wuce."

Maijirgi

Sha ɗaya da rabi na hau amalanke, dala hamsin. Jakin ya fi ni son kallon gajimare. Ƙarfe ɗaya muka isa ƙauye. Na aje kayan a ɗakin Inna, matar Kawu, na bi shi gona mu zaɓi itacen da za mu rataya. Kowace zangarniya an zana mata layi mai murɗe, kamar lalle. Na ce da kyau. Kawu bai yi dariya ba.

Da la'asar muka dawo, Inna ta tarbe ni da kunu mai zafi. Sai da na shanye ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Ɗiyata, tsarabar da kika kawo, 'yan kasuwa sun cuce ki. Duk tsutsa. Na tankaɗe, hatsin na dama maki kunun nan, tsutsar na ba kaji tun kafin maƙwabta su gani. Ba wanda zai ji a bakina."

Kawu ya dubi kajin, ya daɗe.

"Duka ukun?"

"Ai ba a barin tsaraba ta kwana, Malam."

Na kira malamin gona. Ya ce wasu jakunkunan sai bayan mako biyu. Kawu ya ce a gaya masa kada ya wahala, ya ɗauki butarsa.

Mayahi

Washegari ƙarfe shida na yamma na iso gida. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Inna da ta rufa mani asiri. Kawu ya ce bana da wuri za su fara sayen hatsi a kasuwa.